Na'urar karatu da littafin takarda, wai wanne ne naka a ciki?

Indai aka tayar da musun littafin takarda da na'urar karatu, hujjar farko da masu son takarda suke kawowa ita ce ƙamshi. Ni kam wannan hujjar ba ta taɓa shigata ba, wataƙila don littattafan da muka tashi da su ba wani ƙamshi suke yi ba, ƙura ce da man shafawa da ɗan jan manja a gefen shafi, saboda sai sun gama zaga unguwa kafin su iso hannunka. Akwai dai abin da takarda ta fi na'ura da shi, amma ba hanci ne yake gane shi ba.

Da farko dai mutane da yawa a nan in ka ce na'urar karatu sai su ɗauka irin babbar wayar nan ce da yara suke kallon katun a ciki. Ba ita ba ce. Fuskarta ba irin ta waya ba ce sam, wata fasaha ce da ake kira E Ink wadda ta samo asali daga jami'ar MIT ta Amurka, wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a ƙarƙashin fuskar, in ka juya shafi sai lantarki ya turo baƙaƙen sama a inda ake son rubutu ya fito, farare kuma su cike sauran wajen, daga nan shi kenan sun zauna, ba sa ƙara cin batir sai ka sake juya wani shafin. Shi ya sa caji ɗaya yake kai mutum makonni. Kuma shi ya sa a tsakiyar rana tsaka, inda waya take komawa madubi sai ka kare ta da tafin hannu, ita wannan rubutun ma ƙara fitowa yake. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da irinta a Japan a 2004, amma ba ta yi tashe ba sai da Amazon ya kawo Kindle a watan Nuwamba na 2007 a kan dala 399, daga baya kamfanin Kobo ma ya shigo da tasa a 2010.

Tawa ta hannu ce na saya, kuma wallahi ban yi da-na-sani ba. A garin da za a ɗauke wuta tun la'asar ba ka san ranar dawowarta ba, abin da ba ya neman caji kullum ai ba ƙaramin aboki ba ne. Tana da 'yar fitila da take haska saman shafin, ba wadda take dukan ido ba, sai ka kwanta cikin gidan sauro ka yi ta karatunka ba ka tashi kowa ba, ba tocila a baki, ba ƙwari suna rububin fitila. Ga ƙara girman rubutu in ido ya fara gajiya. Babban abin da ya fi min ma shi ne ba ta da WhatsApp. A waya na sha buɗe littafi da niyya mai kyau, layi uku sai ga saƙo ya faɗo daga gurup ɗin 'yan ajinmu, wai ana musun ƙwallo, kafin in farga an kira isha'i ni kuma ina cikin bidiyon wani yana yanka kankana.

Sai kuma kuɗi. Takardar da ake buga littafi da ita a Najeriya kusan duk daga waje ake kawo ta, masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, to tun da naira ta faɗi a 2023 farashin ɗab'i ya bi dala ya haye, littafin da da za ka saya ba tare da ka yi tunani ba yanzu sai ka juya shi ka duba bayansa ka mayar kan kanta a hankali. Fayil kuwa ba ruwansa da kuɗin tawada ko na mota.

Amma fa ita ma tana da nata. In littafin a tsarin EPUB yake lafiya lau, rubutun yana bin girman fuskar. In kuwa PDF ne, musamman irin littattafan Larabcin nan da aka ɗauki hoton shafukansu, ga matani ga sharhi ga hashiya a gefe, to a fuska mai inci shida sai dai ka yi ta ja kana matsawa har ranka ya ɓaci. Wani fayil ɗin Hausa kuma in ka buɗe sai ka ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take an sa maka ɗan akwati. In ta faɗi fuskar ta tsage, masu gyaran waya za su jujjuya ta su ce maka ba su da kayanta. Sayen littafi daga shagunan waje ma da ya zama aiki a shekarun da bankuna suka hana biyan dala da katin naira.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne a wajena. Wanda ya tsaya min a rai wani kawuna ne ya jawo shi, mutum ne mai littattafai, ɗakinsa na zaure kabad biyu ne cike da fiƙihu da tafsiri da nahawu, yawancinsu bugun Misira da Beirut da ya tara daga kasuwar Kurmi da wajen alhazai. Na kai masa na'urar ina ta zuba, na ce Kawu ka ga wannan 'yar abar, duk abin da yake cikin kabad ɗin nan naka za ta ɗauke har da saura. Ya karɓa ya sa tabarau, na ƙara masa girman rubutun, ya ji daɗin wannan sosai har da cewa ikon Allah. Ya ɗan jima yana shafa ta, sai ya ce, "To kai ɗan nan, in wani ɗalibi ya zo aron guda ɗaya fa, duka za ka ba shi?" Na ce a'a Kawu, wasu ana iya tura masa, wasu kuma waɗanda aka saya a shagon kamfanin a kulle suke da sunana. Ya ce, "In ka mutu kuma ya za a yi a raba su a gado?" Na yi dariya, shi bai yi ba, don tambaya yake tsakani da Allah.

Kuma tambayar tasa tana kan hanya. Littafin da ka biya kuɗi a irin waɗannan shagunan ba shi ka saya ba, izinin karanta shi ka saya, haka yake a rubuce cikin dogon sharaɗin nan da ba mai karantawa sai dai mu danna mun yarda. Ba ka da ikon sayar da shi, ba ka da ikon yin kyautarsa bayan ka gama. A watan Yuli na 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya goge wasu littattafan George Orwell guda biyu, ciki har da wanda mu muka sani da Gandun Dabbobi, saboda wanda ya ɗora su a shagon ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, Jeff Bezos, shugaban Amazon na lokacin, ma ya fito ya ba da haƙuri, amma kowa ya ga cewa ashe ana iya yi. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, waɗanda mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka biya su kuɗinsu. Har ta kai jihar Kalifoniya ta yi doka da ta fara aiki a 2025, cewa dole mai sayar da irin wannan kaya ya faɗa wa mutum ƙarara cewa izini yake saya. Mu ma nan gida mun ga namu, manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks da aka kafa a 2013, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023.

Wannan ya fi damunmu fiye da Bature, don mu karatunmu gaba ɗaya a kan aro aka gina shi. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Kaduna a shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya san shagon haya. Ni ɗan aike ne a lokacin, yayyena mata su ba ni kuɗin haya su ce maza ka karɓo na biyu, in babu ka tambaya wa ya ɗauka. Mai shagon yana da wani dogon littafi da yake rubuta suna da rana, bangon kowane littafi an naɗe shi da salatif, wani an ɗinke bayansa da zare, kuma in an yi rashin sa'a shafin ƙarshe ya cire sai a aika gidan su wance a ji yadda aka ƙare. Kwafi ɗaya sai ya ratsa gidaje da yawa, matan aure da 'yan mata da ba su da kuɗin saye da shi suka iya karatun boko sosai, wasu ma da shi suka koya.

Yanzu duk wannan ya koma waya, don gaskiya in ana maganar na'urar karatu a ƙasar Hausa to waya ce, masu Kindle ba su taka kara sun karya ba. Marubuciya tana sakin shafukan farko kyauta a manhajar labarai ta Wattpad ko Facebook ko gurup, in labari ya ɗau zafi sai ta ce daga nan na kuɗi ne, a tura ɗari biyar ko dubu ɗaya ta wannan asusun a turo shaidar biya. Ta huta da mai ɗab'i, ta huta da dillalin da zai karɓi kaya bashi, wadda take Maraɗi ko Kumasi ko Jidda tana karantawa a daren da aka saki. Ta wannan ɓangaren ci gaba ne babba, ba na musu.

Sai dai aro ya lalace ta gefe biyu. A shagunan kamfanoni an kulle shi gaba ɗaya, a gurup kuma ya wuce gona da iri, mutum ɗaya ta biya sai ta tura wa ɗari, su ma su tura, washegari ka gan shi a wani shafi an haɗe shi cif, ko wani ya karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Shi ya sa kusan kowane shafi yanzu yake farawa da ban yafe ba duk wadda ta fitar min da littafi, Allah ya isa tsakanina da ita. A zamanin takarda ba a buƙatar wannan Allah ya isan sosai, don kwafi ɗaya hannu ɗaya yake zama a lokaci guda, kuma yana tsufa ya yage dole mai shago ya sake sayen wani. Ita kanta takardar ce take raba gardama tsakanin mai rubutu da mai karatu ba tare da kowa ya lura ba.

Ba wai ina cewa takarda ba ta mutuwa ba ne. Gara ta cinye min kwali guda a wata damina, ɓera ma ya yi nasa, kuma da yawa daga littattafan hayar nan yau ko da kuɗinka ba za ka same su a kasuwa ba. Amma aƙalla dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta ce duk mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, ko da ba kowa yake bi ba, kuma akwai malaman jami'a da suka tara na Hausa da yawa. Wanda aka rubuta a gurup fa, wa yake ajiye shi? Waya ta faɗa ruwa, ko a rufe lambar, ko mai gurup ɗin ta yi fushi ta goge, shi kenan labarin da dubban mutane suka kwana suna jira ya bi iska.

Ni dai abin da nake yi yanzu, duk littafin da na san sau ɗaya zan karanta in wuce, na'ura. Wanda kuma na san zan so in miƙa wa wani in ce karanta wannan ka dawo min da shi, ko ba zai dawo da shi ba, to na takarda nake nema ko da tsada. Fayilolin da ba a kulle suke ba kuma ina kwafe su a kwamfuta da wata manhaja ta kyauta mai suna Calibre, in sake zuba su a filash.

Babbar yayarmu ita nata salon daban ne. Kwanaki ta biya kuɗin wani labari a gurup, ta ce idonta ba zai iya da waya ba, ta ba ɗanta ya kai shagon masu kwamfuta aka buga mata shi tas a takarda aka yi masa bango da zoben roba, kuɗin bugun ya ninka kuɗin labarin sau ban san adadi ba. Na ce Yaya ai wannan asara ce. Ta ce in bar ta, maƙociyarta ma tana jira ta gama, kuma akwai mutum biyu a bayanta.