Darbejiyar gidan Inna

Juma'a. Hazo tun asuba. Ummi ta ƙi wanka sai da na dafa mata ruwa, ta kuma shanye min shayi.

Bayan an sauko daga masallaci na leƙa unguwar Jahun wajen Inna saboda maganar darbejiya. Babban reshen nan ya kwanta kan katangar maƙwabta, iska na tasowa sai ya riƙa gogar wayar wuta. Malam Dauda mai saran itace ya ce zai zo Lahadi, ni a wajena magana ta ƙare. Muna zaune sai ga kiran bidiyo na Yaya Sani, su can Toronto lokacin ƙarfe tara na safe.

Ko gaisuwa ba mu gama ba ya juya wayar yana nuna mana bayan gidansa. Ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara, ga bishiyarsa tsirara ba ganye ko ɗaya, irin wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada. Can sama wani Bature na lilo a jikin igiya, da hular kwano, da injin yanka rataye a ƙugu. Inna ta ce, "Wannan sanyin ne kuka ga ya dace ku hau da ɗan mutane sama?" Yaya ya ce ai yanzu ne lokacinsa. Bishiya tana barci, ba ganyen da zai ɓoye reshen da ya ruɓe, ƙwari ba sa yawo balle su shiga wurin da aka yanka, ƙasa kuma ta daskare, motar aiki ba za ta kwaɓe masa ciyawa ba.

Yaya idan ya samu abin bayani ba ya tsayawa. Wai sai da ya kwatanta farashin kamfanoni kafin ya zaɓa, kuma bai bari an ɗora tsani ba sai da ya ga takardar inshora, don in mutumin ya faɗo ko reshe ya fasa rufin maƙwabci, ba inshora, mai gida ne zai shiga uku. Sannan da sare ta zai yi gaba ɗaya, dole ya nemi izinin hukumar birni, tunda dokarsu ta kare duk bishiyar da faɗin gangarta ya kai santimita 30 idan an auna a tsayin mita 1.4 daga ƙasa. Inna ta riƙe haɓa. "A gidanka? Bishiyarka?" Muka yi ta dariya. Ya ce maƙwabcinsa ne ya tsorata shi da labarin Disambar 2013, da aka yi ruwa mai daskarewa a jikin rassa, nauyi ya kakkarya su a kan wayoyi, gidaje da shaguna kusan 300,000 suka rasa wuta a birnin.

Duk wannan da daɗin ji. Sai ya ce, "Ku ma tunda sanyi ake, in Malam Dauda ya zo ya haɗa da mangwaron ya sassabe."

Nan raina ya ɓaci. Mangwaron da ya cika da fure? Na ce, "Haba Yaya, har ka manta gida? Hunturunmu ba ya sa bishiya barci. Ka sare shi yanzu, bana ba mai shan ko ɗaya. Sai an gama tsinka ake taɓa mangwaro." Darbejiyar ma don muna gudun iskar farkon damina ne, da kuma waya. Ya yi shiru. Inna ta zungure ni da ƙafa. Can ya ce, "Haka ne. To ku dai tambayi Malam Dauda ko yana da igiya."

Na ce yana da ita mana, muka yi sallama.

Tun a keke nake juya tambayar. Igiya kam yana da ita, na sha ganinta. Amma reshe yake ɗaurewa da ita, don ya sauko a hankali kada ya rusa katanga. Shi kansa ba a ɗaure yake ba. Ya cire takalmi, ya soke adda a bayan wando, ya yi bisimilla ya hau kamar yaro, ga furfura ta cinye gemu. Ladansa ɗan abin da Inna ta damƙa masa da rabin itacen. Tun muna yara haka muke kallonsa daga ƙasa muna cewa sannu Malam. In ya faɗo, Allah ya kiyaye, me ke akwai? A kwashe shi zuwa asibiti, a haɗa kuɗi a unguwa, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Matarsa da yaran nan fa?

Na ce wa Abban Ummi ya yi wa masu wuta magana a kashe layin ranar Lahadi. Ya ce wutar da ba ta zama? Na ce ai ba ta sallama in za ta dawo.

Tuwon shinkafa da miyar kuka. Tarin Ummi da sauƙi. Yaya ya turo hotunan itacen an jera shi tsaf gefen gareji, ban ba shi amsa ba tukuna.

Gobe zan shiga kasuwar Muda Lawal in nemi igiya mai ƙwari. Na san dariya Malam Dauda zai yi min, don haka Inna zan bar wa maganar, ita yake jin nauyi.