In Aka Miƙo Maka Kujerar Sakatare

Duk lokacin da zaɓe ya zo a ƙungiyarmu ta ma'aikatan adana takardu da kayan tarihi, kujerar shugaba ake ja-in-ja a kanta. Ta sakatare ba mai nema. Sai dattawa su waiga su hango wani matashi mai kuzari da kwamfuta a jaka, su ce, "Ai wane zai iya." Haka aka yi mini, haka kuma za a yi wa wasunku. In an miƙo muku ku karɓa, ƙannena, don aikin sa kai irin wannan yana buɗe ido, yana kuma haɗa mutum da manyan sana'a. Sai dai ku ji inda ƙafata ta zame.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Mu da muke yini muna yi wa ma'aikatu faɗa a kan fayil, ƙungiyarmu ba ta da fayil ko ɗaya da za a nuna wa baƙo ba a ji kunya ba. Ni ne sakatare, don haka laifin a wuyana yake. Wasiƙun da suka shigo ina cusa su a aljihun teburin ofishina, sun cakuɗe da takardun gwamnati. Jerin sunayen 'yan ƙungiya yana cikin wayata. Adireshin imel da muke aika gayyata da shi nawa ne na kaina, da sunana. Takardun halartar taro da rasit-rasit kuwa suna cikin wata jakar Gana-mas-go a but ɗin motata, daga baya ta koma ɗakin ajiya a gida, inda damina da gara suka yi rabonsu. Darasin farko da ake koya wa ɗalibin wannan fanni shi ne kada a gauraya takardun wata hukuma da na wata, kuma a bar su a jeren da mai su ya yi. Faransawa sun mayar da wannan ƙa'ida doka a ma'adanansu, wato gidajen adana takardun tarihi, tun 1841. Na san wannan sarai, har na koyar da shi a bita. Ban taɓa kawo wa raina cewa ƙungiyarmu ma hukuma ce mai haifar da takardu ba.

Asiri ya tonu da aka yi mini canjin wurin aiki. Wanda ya gaje ni ya kira ni cikin ladabi ya ce, "Yaya, wane ne kundin tsarin mulkin da muke aiki da shi?" Na duba kwamfuta na tarar da kwafi daban-daban, kowanne da ɗan gyaransa, babu mai kwanan wata, babu mai sa hannu. Ɗaya ya ce wa'adin shugabanni shekara 2 ne, wani ya ce 3. A kan wannan aka yi rigimar da ta raba zumuncin mutanen da suka daɗe tare, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa kwafin da ke hannunsa yake karantawa.

Wanda ya taɓa zama a ɗakin karatu na Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ya san fayilolin lardunan Arewa, irin su KANOPROF da ZARPROF da SOKPROF. A cikinsu akwai takardun miƙa aiki da Razdan ko Di'o kan rubuta wa magajinsa in zai tafi hutu ko an canja masa wuri: ga shari'ar da ba a ƙare ba, ga harajin da bai shigo ba, ga hakimin da sai an bi shi a hankali. Ba yabon mulkin mallaka nake yi ba, amfanin kansu suke karewa. Amma mutum ya bar kujera shekaru aru-aru, ya mutu, har yau kana iya sanin inda ya tsaya. Irin waɗannan takardu ne masanin tarihi Kenneth Dike ya yi fafutukar ceto su har aka buɗe ofishin adana su a Ibadan a 1954, aka yi masa doka a 1957. Mu magadan wannan aiki, ni da na yi shekaru ina ɗauko wa masu bincike waɗannan fayiloli, na bar kujera ban rubuta ko shafi ɗaya ba.

Saboda haka tun a makon farko ku buɗe wa ƙungiya imel da sunanta, mabuɗinsa ya kasance a hannun mutum biyu ko uku. Ku sayi fayil-fayil, ku ba su lamba: na tsarin mulki, na minit (rubutaccen bayanin taro), na kuɗi, na wasiƙu, na rajistar mambobi. Ku nemi wata ma'adana ko ɗakin karatu na jami'a ku ƙulla yarjejeniya a rubuce, duk ƙarshen wa'adi a kai tsofaffin takardu can. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, wadda aka kafa a 1936, haka take yi, takardunta suna ajiye a Jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee. Mu ma ba mu rasa wuri ba, ga Gidan Arewa a Kaduna, ga Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga ma'adanar Waziri Junaidu a Sakkwato. Guruf ɗin WhatsApp kuwa wurin sanarwa ne da gaisuwar Juma'a. Duk shawarar da aka yanke a can, a kawo ta taro a shigar da ita minit, in ba haka ba ranar da aka sace waya ta tafi.

Minit ɗin ma akwai magana a kansa, kuma a nan na fi cutar da ƙungiya. Ni mutum ne mai jin nauyin manya. In aka yi zazzafar muhawara, wani dattijo ya ɗauki alkawarin zai je ya ga kwamishina, sai in rubuta "an tattauna batun ziyara, an kuma yi addu'ar Allah ya sa a dace." Ina ganin rubuta sunansa da ranar da ya ɗiba kamar tsare shi ne. Taro na gaba in an tambaya, sai ya ce shi shawara ya bayar, bai ce zai je ba. Wa zai musa? Takardar da za ta raba gardama ni na rubuta ta, kuma ba ta ce komai ba. A haka batutuwa suka riƙa dawowa taro bayan taro, mutane suka gaji suka daina zuwa.

Minit ba ya buƙatar dogon Turanci ko labarin wanda ya ɗaga murya. Ya nuna mutum nawa suka halarta, ko sun kai adadin da tsarin mulki ya ce sai da shi za a yanke hukunci. Ya nuna wanda ya kawo ƙuduri, wanda ya goyi baya, abin da aka tsayar, wanda aka ɗora wa, da ranar da zai kawo bayani. Kafin a tashi ka miƙe ka ce, "Ranka ya daɗe, bari in karanto abin da na rubuta, ko na ji daidai." Dattijon kirki ba ya jin haushin wannan, sau da yawa ma shi zai gyara maka. A taro na gaba a karanta, a amince, shugaba ya sa hannu da kwanan wata.

Batun kuɗi gajere ne. Kada kuɗin ƙungiya ya kwana a asusunka ko da na dare ɗaya ne. Na taɓa ba da lambar asusuna a tara kuɗin bita saboda ma'aji ya yi tafiya, ban ci ko kwabo ba, amma da aka zo lissafi na kasa rarrabe nawa da na jama'a, kuma kallon da aka yi mini a zauren nan ban so a yi wa ɗayanku. Asusu da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu, rasit ga kowane shige da fice, mai binciken kuɗi daga wajen shugabanni. In kun yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu, dokar kamfanoni ta 2020 tana bukatar ku riƙa kai rahoton shekara. Ku kuma duba sunayen amintattun, don akan wayi gari wasu sun rasu, wasu sun yi ritaya sun koma ƙauye, banki kuma ya ce sai da sa hannunsu.

Sai kuma daɗin yabo. Da aka fara cewa "in ba wane ba, ƙungiyar nan ta mutu," sai na ji kaina ya yi girma. Ni ne rubuta wasiƙa, ni ne neman zaure, ni ne sayen ruwa da lemo, har jera kujeru. In wani ya ce zai taya ni, sai in ga kafin in koya masa na gama. Da wa'adi ya cika ba wanda ya san aikin, aka ce in zarce, na zarce, ina ganin taimako nake yi. Alhali ni na hana kowa koyo. Waccan ƙungiya ta Amurka tana zaɓen mataimakin shugaba ne, ya yi shekara guda yana kallon aiki, sannan ya hau kujera ya yi shekara guda ya sauka. 'Yan majalisarta shekara 3 suke yi, kuma ba sa sauka gaba ɗaya, duk shekara kashi ɗaya cikin uku ke fita. Ba dole mu kwafi lissafinsu ba, amma ko yaushe a samu sabo yana zaune kusa da tsoho. Ka ɗauki mataimakinka da gaske: wannan taro kai ka rubuta, na gaba shi ya rubuta ka duba masa.

Akwai wasu mutane da na yi sakaci da su, kuma har yanzu ana yi. Su ne ma'aikatan rajista na ma'aikatu da ƙananan hukumomi da asibitoci da kotuna, masu buɗe fayil, su ɗaure shi da igiya, su bi sawunsa daga tebur zuwa tebur. Duk takardar da za ta isa ma'adana ta hannunsu take bi, in ta lalace a can ba abin da mai digiri zai adana. Kuma tun da aka yi dokar 'yancin samun bayanai a 2011, su ake tasa wa a gaba in ɗan jarida ko lauya ya nemi takarda. Amma tarukanmu a jami'a muke yi, ranar aiki da hantsi, da Turancin makala, ga kuɗin shiga da ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Sai mu zauna mu ashirin muna kukan ba a san darajar sana'armu ba.

In kun samu dama ku gyara wannan a cikin tsarin mulki, kada ku bar shi ga kirkin shugaban da ke kai. A ware musu kujera a kwamitin zartarwa mai cikakkiyar ƙuri'a. A yi kuɗin shekara hawa-hawa gwargwadon matakin albashi. A riƙa sa wasu tarukan ranar Asabar, a yi bayani da Hausa inda ya kamata. Ranar 9 ga Yuni, da ake bikin ranar ma'adanan takardu ta duniya don tunawa da kafa majalisar ma'adanan takardu ta ƙasa da ƙasa a 1948, maimakon hayar zaure a otal, ku nemi izinin wata sakatariyar ƙaramar hukuma ku yini a ɗakin fayil ɗinta tare da masu aikin wurin, ku kakkaɓe, ku jera, ku yi wa abin da ke ciki rajista. Fom ɗin shiga ƙungiya ya kasance a hannun mataimakin sakatare, shi zai karɓi sunayensu.