Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daidaita Saitin Bindiga

A makon jiya mun tsaya a kan lasisi da ladubban filin harbi. Yau sai saiti, da ƙaramar bindiga mai cin harsashin .22, wadda ba ta da tabarau, sai tsinke a gaba da tsaga a baya.

Kafin komai, a duba abin da ke bayan allon da za a harba. Tudun ƙasa ake so, domin ɗan harsashin nan yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. A kafa allo a mita 25, a kwanta rubda ciki, a ɗora katakon gaba a kan buhun yashi. Kada a ɗora ƙarfen hancin bindigar, yana karkatar da harbi.

Tsinke ya zauna a tsakiyar tsaga, kansa daidai da leɓenta, hasken dama da na hagu su zo ɗaya. Ido ba ya iya kama abu uku a lokaci guda, don haka a zuba shi a kan tsinke, allo ya ɗan yi dishi-dishi. Sabon shiga ba ya yarda da wannan sai ya ƙona harsasai.

A harba harsashi biyar ba tare da an taɓa komai ba. Tsakiyar inda suka taru ake aunawa. Idan sun warwatse, laifin mai harbi ne, a ƙyale saiti tukuna. Yawanci fizgar kunama ce, ko numfashi, ko kumatu da ke sauya wuri a gindin bindiga. A saki numfashi, a ɗan dakata, a matsa kunama da tsokar yatsa a hankali, kada kuma a ɗaga kai da zarar bindigar ta tashi.

Idan sun taru amma sun kauce, sai gyara. Tsagar baya ana matsar da ita inda ake son harsashi ya koma, tsinken gaba kuwa akasin haka. Nan mutane ke rikicewa. Lissafin: a ninka kuskuren da tazarar da ke tsakanin tsinke da tsaga, a raba da nisan allo. Kuskuren santimita 5, tazarar santimita 50, nisan santimita 2,500, ya ba da milimita ɗaya tak. Shi ya sa mai bugun tsaga da ƙarfi kullum yake zarcewa. A yi alama da fensir kafin a motsa ta, a sake harba biyar.

Rana ma tana yaudara. Idan ta haske gefen tsinke, harbi yakan gudu ɗaya gefen. Baƙin hayaƙin kyandir a kan tsinken yana kashe ƙyallin. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa kuwa, gara a ɗage aikin zuwa sassafe. Kuma in an sauya samfurin harsashi, saiti ya koma sabo.

Mako mai zuwa za mu matsa zuwa mita 50.