Yadda Ake Tsayar da Azzalumi a Dandamali

Aikin da nake yi da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a Marwa da ke arewacin Kamaru, inda muke wasa da Hausa da Fulatanci, wani lokaci har da Faransanci idan taron ya haɗa ma'aikata, ya nuna mini cewa babu rawar da ta kai ta azzalumi wuyar takawa. Matashin da ya shigo sana'ar sabo, da zarar an ba shi wannan rawa, sai ya zare ido, ya ɗaga murya, ya riƙa buga ƙafa a ƙasa, 'yan kallo kuwa su yi ta dariya da tafi. Dariyar nan ita ce alamar cewa wasan ya saki hanya, domin abin da suke gani dodon tatsuniya ne, ba mutumin da ya taɓa riƙe musu katin shaida a bakin titi ba.

Mun taɓa shirya wasa a kan ɗan acaba da mai tsaron shinge. Ana cikin gwaji, mai ba da umarni, wanda dattijo ne da ya daɗe a wasan rediyo, ya tsayar da yaron da ke fitowa a mai shinge, ya ce masa: "Ɗana, sauke muryarka. Wanda iko ke hannunsa ba ya bukatar ihu. Gaishe shi, ka tambaye shi iyali." Yaron ya ce, "To, Baba," ya sake daga farko. Ya karɓi katin cikin fara'a, ya duba gaba da baya a hankali, ya zura shi a aljihun riga, sannan ya juya ya ci gaba da shan shayinsa kamar babu kowa a wurin. Ɗan acaban yana tsaye a rana, fasinjarsa tana ta kallon hanya, har ya gaji ya laluba aljihu ya fito da takardar sefa 500 a dunƙule cikin tafin hannu. Ranar da muka kai wasan filin unguwa babu wanda ya yi dariya. Magidanta sai girgiza kai suke yi. A fitowa ta gaba kuma muka nuna mai shingen yana miƙa kaso ga na sama da shi, yana sunkuyar da kai irin yadda aka sunkuyar masa ɗazu. Ba don a wanke shi muka yi haka ba, sai don mai kallo ya ga cewa zalunci tsani ne mai hawa-hawa, kuma cire mutum ɗaya daga cikinsa ba ya rushe shi.

Da na koma karatu sai na tarar manyan wasannin adawa da wannan hanya suka bi. A Afirka ta Kudu, zamanin wariyar launin fata, Athol Fugard da John Kani da Winston Ntshona sun fitar da Sizwe Banzi Is Dead a 1972, kuma duk wasan a kan takardar izinin zama yake: baƙar fata ya rasa izinin zama a birni, sai ya ɗauki takardar wani mamaci ya koma amsa sunansa domin ya samu aiki ya ciyar da iyali. Babu bindiga a dandamali, amma kowa ya ga dokar da ke sa mai rai ya binne sunansa. A 1976 an tsare Kani da Ntshona a yankin Transkei saboda wannan wasa. Mu da muke zaune a yankin da yara da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma rashinta kan hana yaro zana jarrabawar kammala firamare, ba ma bukatar a fassara mana abin da takarda ke iya yi wa mutum.

Wanda aka zalunta shi ma yana da hakki a kan mai wasa. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako yankinmu na Arewa Mai Nisa, musamman daga 2014, masu kallonmu sun haɗa da mutanen da suka baro Kolofata da Amchide da Fotokol, da 'yan gudun hijirar Najeriya irin waɗanda ke sansanin Minawao da aka buɗe a 2013. A gaban irin waɗannan mutane ba ma fitowa da bindigar katako, ba ma kwaikwayon yanka, domin wanda ya ga abin da idonsa ba ya bukatar a maimaita masa, kuma tayar masa da tsohon miki ba tare da magani ba wani zalunci ne. Harin kansa a bayan fage muke barinsa. Abin da muke nunawa shi ne abin da ya biyo baya: bazawarar da ke ciniki da mai gida a kan kuɗin haya, ko saurayin da ya dawo daga daji ya tarar maƙwabta ba sa amsa sallamarsa. Kuma mai taka rawar bazawarar ba za ta yi ta kuka daga farko har ƙarshe ba, domin matan da muka sani suna da dabara, suna da fushi, suna sayar da ƙosai, suna yin adashi. Wasan da ya mai da su abin tausayi kawai ya rage musu daraja.

Game da adawa, mafi amfanin abin da na koya daga Augusto Boal ne, mai shirya wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Barazil, wanda gwamnatin soja ta kama ta azabtar a 1971 kafin ya bar ƙasar. Tsarinsa shi ne a yi wasa har inda aka danne mai rauni, sannan a tsaya a gayyaci mai kallo ya hau ya maye gurbinsa, ya gwada tasa mafita, shi kuwa mai taka azzalumi ya ci gaba da turjewa iyakar ƙarfinsa. Irin wannan shigar da jama'a cikin wasa an yi aiki da shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun shekarun 1970, a nan Kamaru kuma an yi wani taron bita a kansa a Kumba a 1984. A wasanmu na bazawara, samari da dama sun hau sun yi wa mai gidan faɗa, ya kore su duka. Sai wata dattijuwa ta miƙe ta ce, "Ɗana, dakata," ta jawo mata huɗu daga cikin taron, suka zauna a ƙofar ɗakin suka ce ba inda za su sai an kira mai unguwa. Ɗan wasanmu ya rasa ta cewa. Tun daga ranar na daina gamsuwa da wasan da jarumi ɗaya ke ceton gari, domin jama'a sun san ba haka ake yi ba.

Wannan sana'a tana da haɗari, kuma tarihi bai ɓoye shi ba. An haramta wa Hubert Ogunde wasa a Jihar Yamma ta Najeriya a 1964 saboda wasansa Yoruba Ronu. An tsare Ngugi wa Thiong'o a Kenya a ƙarshen 1977, ya shekara guda ba shari'a, saboda wasan da ya yi da manoma da ma'aikatan Kamiriithu cikin harshen Gikuyu, kuma a 1982 aka rushe dandamalin da suka gina da hannunsu. A Kamaru an kama Bate Besong bayan an nuna wasansa Beasts of No Nation a Yawunde. A Chadi, wasan Baba Moustapha mai sukar mulkin soja, Le Commandant Chaka, sai a 1983 ya fito, bayan rasuwarsa. Shi ya sa ban raina habaici ba. Bahaushe ya daɗe da sanin hanyarsa: a wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansa, a tashe kuwa yara kan yi shigar manya su faɗi abin da babba ba zai iya faɗa ba. 'Yan wasanmu a unguwa ɗaya suke kwana da waɗanda wasan ke nufi, don haka mukan sa labarin a garin da babu shi, mu sauya wa masu iko laƙabi.

Sai dai habaici yana da iyaka. Idan aka lulluɓe magana da yawa, wanda ake nufi zai zauna a sahun gaba ya fi kowa dariya, ya ba da kyauta, ya tafi gida. Haka kuma ina da damuwa da wasannin wayar da kai da wasu masu ba da tallafi ke nema, waɗanda a cikinsu laifi kullum na talaka ne da jahilcinsa, kuma dole a ƙare da musabaha da yafiya. Zaman lafiya muna sonsa fiye da kowa, mu da muka ga harin bam a Marwa a watan Yulin 2015, amma sulhun da aka ƙulla a dandamali ba tare da an mayar wa mai hakki hakkinsa ba, 'yan kallo ba sa yarda da shi. A ƙungiyarmu mun yanke cewa duk mai neman wasa za mu nuna masa ƙarshen labarin tun kafin a yi maganar kuɗi, kuma idan ya nemi a sauya shi ya zama musabaha alhali bazawarar tana waje da kayanta, mukan ba shi haƙuri ya nemi wasu.