Ranar da aka ce in zana sunana a Meziko

Wata na huɗu ke nan a birnin Meziko, kuma har yau idan na tuna ranar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

A ajin koyon Sifaniyanci ne. Malamarmu ta kawo hotuna daga wani littafin Aztek, mutanen da suka mulki yankin nan kafin zuwan Turawa, da ake kira Codex Mendoza, wanda aka yi wajen 1541. Mutanen nan, masu harshen Nahuatl, zana sunan mutum suke yi, su ja siririn layi su haɗa zanen da kansa. Sarki Chimalpopoca, garkuwa ce hayaƙi na tashi daga jikinta. Itzcoatl, maciji ne da tsinin baƙin dutse mai kaifi a gadon bayansa. Da Turawan Sifen suka zo da sunaye marasa ma'ana a kunnensu, sai suka bi sauti: gwamna Mendoza ya zama "metl", wani tsiro mai kama da kabar giwa, da "tozan", wata dabba mai haƙa rami kamar gafiya. Wannan kam ya burge ni, gwamna guda an mai da shi gafiya.

Sai malamar ta ce kowa ya zana nasa.

Ni Tanko ake ce mini. Na zana mata uku a jere, na sa ɗan namiji a ƙarshe, na ja layin yadda ta nuna. Wani ɗan Koriya ya leƙo ya ce, ashe matanka uku? Aji ya ɗauki dariya, har malamar. Sifaniyancina bai kai in ce yayyena ne ba. Na yi ta nuni da hannu, abin ya ƙara lalacewa.

Abin da ya fi ci mini rai, tasharmu ta jirgin ƙasa, Chapultepec, fara ce alamarta, don sunan yana nufin tudun fara. Kowa ya gane fara. Yaya Hajara da Yaya Binta da marigayiya Yaya Rabi ne ba a gane ba.

Sunan yankana Muhammadu, sunan kakana na wajen uba, shi ya sa Inna ba ta taɓa faɗinsa. Da dare na tura mata zanen ta wayar Yaya Binta. Ta daɗe tana kallo, in ji Yaya, sannan ta tambaya wacce ce Rabi a ciki, don duk na yi musu ɗankwali iri ɗaya.