Yadi 80 Daga Tagogin Pittsfield

Da sanyin safiya muka bar Boston, ni da ɗan yayata da ke karatu a can. Shi ke tuƙi. Muka miƙa yamma a kan babban titin da ya ratsa jihar Massachusetts ta Amurka. Watan Oktoba ne, ganyayen bishiyoyi sun rine ja da ruwan ɗorawa, har muka fara hawan tsaunukan Berkshire. Kusan awa uku muka yi kafin mu shiga Pittsfield.

"Kawu, duk wannan tafiyar saboda takarda guda?" ya tambaye ni a hanya.

Na ce masa eh, takarda guda ce, amma ta yara ce.

A shekarar 1791 mutanen garin suna cikin gina sabon ɗakin taro, inda za su riƙa ibada da tattauna al'amuran gari. Charles Bulfinch ne ya zana ginin. Gilashi a lokacin tsada gare shi, don haka dattawa suka kafa doka don kare tagogin: kada wanda ya buga wasan ƙwallo, ko kurket, ko ƙwallon ƙafa, ko besbol (wasan Amurka da ake dukan ƙwallo da sanda), a tazarar da ba ta kai yadi 80 daga ginin ba. Wanda ya karya, tarar sule biyar. Da na ga kalmar sule, sai na tuna kakata, wadda har ta rasu da sule take lissafin kuɗi.

A ɗakin karatu na garin, Berkshire Athenaeum, aka gano ainihin takardar dokar a 2004, bayan masanin tarihin besbol John Thorn ya bi sawunta. Na daɗe ina duban kwafinta. Rubutun hannu ne mai karkata, tawada ta koɗe. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne sunan besbol da ke ciki, shekara 48 kafin 1839, shekarar da aka daɗe ana cewa a cikinta aka ƙirƙiro wasan a garin Cooperstown na jihar New York.

Pittsfield ba ita ta fara ba. Tun zamanin da Ingila ke mulkin yankin ake wannan takaddama. Ranar Kirsimeti ta 1621 a garin Plymouth, Gwamna William Bradford ya tarar da wasu suna wasa a titi alhali sauran na aiki, ya ƙwace kayan wasansu. A 1657 hukumar Boston ta hana buga ƙwallon ƙafa a tituna saboda koke-koken mutanen da samari ke ji wa rauni, tara sule 20.

Bayan azahar muka fito dandalin Park Square. Tsohon ginin babu shi yanzu, cocin dutse ne a wurin. Na tsaya a ƙofarsa na fara ƙidaya taku, ɗan yayata na bina da waya yana ɗaukar hoto. Na tsallaka titi, na ratsa ciyawa, wata tsohuwa da kare ta tsaya tana kallona. Da na juya, tagogin sun yi nisa, amma ba nisan da hannun yaro mai ƙarfi zai kasa kaiwa ba. A nan zuciyata ta karkata ga yaran. Babu wanda ya rubuta sunayensu, babu wanda ya faɗi da me suka ɗinka ƙwallonsu. Da ba su dami dattawa ba, da ko alamarsu ba ta kai gare mu ba. Ni ma na taɓa fasa gilashin maƙwabci da ƙwallon tsumma a lungunmu, kuma har yau ina jin ƙarar.

Kafin magariba muka leƙa Wahconah Park, tsohon filin besbol mai rumfar katako. Filin na fuskantar yamma, har an sha dakatar da wasa idan rana ta shiga idon mai bugu. Ba a wasa ranar. Wasu yara biyu ne kawai a wajen shinge suna jefa wa juna ƙwallo, muka tsaya muna kallonsu har duhu ya fara.