Golf ɗin ƙafa ba ya son hayaniya

Mu 'yan Jos ƙwallon unguwa muka sani, ta ihu da bangaza. Golf ɗin ƙafa kuwa, wato buga ƙwallo da ƙafa har ta faɗa rami, natsuwa yake so: ƙwallon ƙafa mai girman lamba 5, rami mai faɗin inci 21, mai ƙarancin bugu ya ci.

Takalmi mai ƙusa dai a bar shi gida, yana yage ciyawa. Wanda ƙwallonsa ta fi nisa da rami shi ke fara bugawa, saura su yi tsit. Nan ƙanena ke faɗuwa, mutum ya ja baya zai buga, shi ko sai "Yaya, ta hagu!" Haba.

Kada ka taka hanyar ƙwallon wani. In ƙwallonka ta tare masa, aje kwabo a gurbinta, ka ɗauke.